Malam Sai-ku Ya Bar Aji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, Allah ya karɓi ran abokin aikina, malamin da ke koya wa baƙi Hausa a cibiyarmu ta koyon harsuna, wanda kowa ya sani da Malam Sai-ku. Ciwon ƙirji ne na 'yan kwanaki. An yi jana'izarsa bayan azahar, aka dawo, kowa ya kama abin da ke gabansa, kamar yadda duniya ta saba.

Malam, bango ɗaya ne tsakanin ajina da naka shekara da shekaru, kuma bangon ba wani kauri gare shi ba. Ni nahawu nake koyarwa, da alli da allo, ina faɗa ana rubutawa. Kai kuwa ta bangon nan muryar kowa nake ji ban da taka. Darasinka a waya kake naɗarsa, ka tura wa ɗalibai su saurara a gida, ko a mota, ko suna wanke-wanke. In sun zo aji ka juya kujeru su fuskanci juna, ka ce, "To, sai ku." Daga nan sunan ya bi ka, har shugaban cibiya ma da shi yake kiranka.

Ɗalibanka manya ne, masu iyali, aiki ya kawo su cikin Hausawa: direba, injiniya, masu shaguna, ma'aikatan jinya. Yau ka mayar musu da aji kasuwa, gobe tasha, jibi ɗakin likita. Ranar da injiniya ya tashi ya ce ya manta jakinsa a mota, yana nufin jakarsa, ba ka yi dariya ba. Cewa ka yi, "Allah ya sa ka bar masa ruwa." Sai da 'yan ajin suka yi ta juya maganar kafin su gano, suka fashe da dariya, shi ma ya yi. Bai sake haɗa jaki da jaka ba.

Na sha tsokanarka cewa kai kaɗai ne malamin da ke zuwa aiki don ya huta. Kakan ce wanda ya riƙe maka keke har abada bai koya maka hawa ba. Har yau ban yarda da kai duka ba, kuma ka san haka. Harshe ba ya tsayuwa babu ƙa'ida, kai ma in abu ya shige maka duhu ofishina kake zuwa. Amma hutun nan da nake faɗa ƙarya ne. Na ga yadda kake maimaita naɗar darasi ɗaya har muryarka ta dushe. Waɗanda wayarsu ba ta ɗaukar saƙon murya ka nemo musu ƙaramar rediyo mai memori, suna karɓa bi da bi. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta jinya kai ka riƙe mini ajina, ba wanda ya roƙe ka. Da na dawo na tarar an juya mini kujeru, na sha wahala kafin ɗalibaina su sake yin shiru.

Cikin 'yan ajinka na bana akwai wata ungozoma da kowa ke kira Sista. An kawo ta wani ƙaramin asibiti inda yawancin masu zuwa haihuwa ba sa jin komai sai Hausa. An gaya mata a fili: in shekara ta ƙare ba ta iya magana da mata ba tare da tafinta ba, za a cire ta daga ɗakin haihuwa a kai ta wajen ajiyar magani. Ita kuwa karɓar haihuwa ce sana'arta tun ƙuruciya. A ajina na nahawu, da shi ma take zuwa, babu kamarta, rubutunta tsaf, ba ka samun inda za ka gyara. Amma baki ya ƙi buɗuwa. In an gaishe ta, ta ce "lafiya lau", ta sunkuyar da kai, shi ke nan. An taɓa yi mata dariya a wurin aiki, tun daga ranar tsoron kuskure ya kama ta.

Na ba ka shawara ka fito da ita gaban aji, ta yi ko tana so ko ba ta so. Ka ce in bar ta, ranar da maganar ta fi ƙarfin kunyar za ta fito. Na ce shekara ba ta jiran kunyar kowa. A kan haka muka rabu, kuma ka rasu ba ka ji cikakkiyar jimla daga bakinta ba.

Washegarin rasuwar shugaba ya ce in leƙa ajinka. Na tarar da su duka, sun yanke shawarar zuwa gidanka gaisuwa, amma darasi bai kai nan ba. Kun yi gaisuwar safe, kun yi ta mara lafiya, ba ku zo ta mutuwa ba. Na ɗauki alli zan rubuta musu, direba ya ce, "Malam, bari mu gwada tukuna." Ashe kowa ya tambayo maƙwabta, kowa ya zo da 'yar kalmarsa. Suka harhaɗa, suka maimaita, suka zaɓi injiniya ya yi magana a madadinsu. Na ajiye allin na tsaya ina kallo.

Ni na kai su. Maiɗakinka tana zaune a falo, ƙannenta a gefe, takalman mutane sun cika bakin ƙofa. Injiniya ya durƙusa, ya buɗe baki, abin da ya haddace ya gudu. Hawaye suka zo masa. Har na fara gyara murya don in karɓe su. Sai daga bayanmu aka ji wata murya ƙasa-ƙasa.

"Mama, mun zo... mun zo karɓar haƙuri."

Sista ce. Kowa a falon ya san haƙuri bayarwa ake zuwa yi gidan mutuwa. Maiɗakinka ta ɗago ta dube ta, ta matsa gefe a kan tabarma.

"Zo ki zauna, 'yata. Ɗan wanda ya rage mini sai mu raba."

Sista ta je ta zauna, kuma ba ta yi shiru ba. Ta tambaye ta ko ta ci abinci, ko ta samu barci, ta dubi ƙafafunta ta ce sun kumbura, a sa mata matashi. Tana yi tana tuntuɓe, namiji ya koma mace, jiya ta koma gobe, amma tana yi, ana ba ta amsa. Har muka tashi tafiya hannunta na cikin na maiɗakinka.

Ko za a bar ta a ɗakin haihuwa, ban sani ba, ba a hannuna hukuncin yake ba. Abin da ya ba ni takaici shi ne ba ka nan. Ni dai malamin nahawu ne, na juya jimlar nan tata ta kowace fuska, ban ga inda zan sa jan biro ba. Duk wanda ya shiga falon nan a ranar, har da ni, abin da ya je yi ke nan.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya sa abin da ka koyar ya bi ka da lada. Ga maiɗakinka da 'ya'yanka da 'yan'uwanka, Allah ya ƙara muku haƙurin da kuka raba da mu, ya tsaya muku a inda ya kasance yana tsayawa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.