Muryoyi Arba'in na Deraman

Deraman ya shekara talatin yana wasan inuwa a ƙauyukan Kelantan, can gabas mai nisa. Yakan zauna bayan farin ƙyalle da fitila, ya ɗaga mutum-mutumin fata iri-iri, ya ba kowanne muryarsa: sarki, jarumi, biri, wawan fada. An ce muryoyi arba'in ne a maƙogwaronsa. Sai wata damina suka ɗauke ɗif. A gida yana magana lafiya lau, amma da ya zauna bayan ƙyalle sai baki ya ƙi buɗuwa. Asibiti ba su ga komai ba. Ya koma tsagar itacen roba, yana ta ramewa.

A can ana cewa kowa da iskar da aka haife shi da ita, wato baiwarsa. In ta toshe, jiki ya kwanta. Matarsa Mek Yah ce ta kira Pak Seman, tsohon mai goge da ke jinyar irin wannan ciwo.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarma a baranda, maƙwabta suka zagaye. Tsohon ya ja taken sarakuna. Deraman bai motsa ba.

"Sarki ya yi balaguro ke nan," in ji shi. Ya ja taken yaƙi. "Jarumin ma ya tsere? Mek Yah, ruwan shinkafa kike ɗura wa mutumin nan?"

"Baba, ko kifi ba ya taɓawa," ta ce.

Da ya ja taken wawa, sai babban yatsan ƙafar Deraman ya motsa. Tsohon ya gani. Ya sauke goge.

"Ɗana, wawan nan naka, muryar wa ka ara masa?"

Deraman ya ce:

"Ta Yaya Mat Zin ce, Baba. Da hanci yake magana. Shekara talatin ina kwaikwayonsa, shi kuwa yana sahun gaba yana zagina, jama'a na dariya. A daminar nan ce teku ta tafi da shi. Ban taɓa neman izininsa ba."

Pak Seman bai lallashe shi ba. Ya ɗauki goge ya ci gaba da taken a hankali, kamar mai jiran baƙo. Kafaɗun Deraman suka fara rawa. Can sai wata murya ta fito daga gare shi, ta hanci, a shaƙe:

"Kai, ɓarawon murya! Yaushe za a fara ne? Ƙafata ta sage!"

Tsigar jikin kowa ta tashi. Wata tsohuwa ta yi salati. Sannan dariya ta ɓarke, da hawaye a ciki, Deraman kuwa ya miƙa hannu a ba shi mutum-mutumin wawansa.