Hoton Bakin Baba

A shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa, har asibitocin karkara an yi ta sauke masu injuna. Lokacin ina malamin gona a Faskari, mahaifina kuma yana Ruwan Godiya, haƙori ya hana shi sakat mako uku. Ya tauna kanumfari, ya danna garin taba, kumatu sai ƙara hawa yake. Asibiti kuwa ya ce ba da shi ba, don ya taɓa ganin yadda ake cire haƙori.

Sai muka ji wani likita Ba'indiye ya zo Kankara da inji mai ɗaukar hoton zafin da ke cikin baki, ba ya ko taɓa mutum. Jin haka Baba ya yarda, na goya shi a babur.

Malamin asibiti ya gargaɗe mu kada ya ci komai sai an ɗauka. Na bar shi a benci, na tafi karɓo kati. Da layi ya zo kanmu, Baba ya hangame baki gaban injin. A hoton, wurin zafi fari yake fitowa, to na Baba gaba ɗaya ya fito fari fat, har dasashi. Likita ya cire tabarau ya goge, ya taɓa goshin Baba, ya sa a tambaye shi ko ya ci wani abu.

Baba ya ce ko loma bai kai ba. Sai da aka matsa ya ce, "Shayi dai na sha kofi biyu, mai citta. Shayi kuwa ai ba abinci ba ne."

Aka zaunar da shi rabin awa, baki buɗe, ni kuma ina yi masa fifita da katin. A hoto na biyu ɗigon fari guda ya fito, can ƙasa ta hagu. Likita ya nuna yana murna. Baba ya dube ni ya ce, "Ka ce mashi tun ran farko nan nike nunawa da ɗan yatsa."

A ranar aka lallashe shi aka cire haƙorin. Baba ya roƙi hoton farko, ya ce ya fi haske, aka ba shi. Ya manna shi a zaure, baƙi suna ta tambayar wane gari ne wannan mai hasken lantarki haka.