Ranar da Baba Masinja Ya Saki Bango

Tun da aka sauke abin daga mota a harabar ma'aikatarmu ta Garki na ji ƙyamarsa. Mutum-mutumi ne mai ƙafa biyu, an manna masa fatar roba a fuska, har da gira. Yana tafiya yana matse cinya kamar mai jin fitsari. Wani kamfani ne ya kawo shi a gani, darakta ya ce kowa ya sauko, har masu shara.

Cikin waɗanda suka sauko akwai Baba, masinjan ofishinmu. Ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ya samu sauƙi, amma ƙafar hagu ba ta koma daidai ba. Ma'aikacin wucin gadi ne, kuma mun san darakta na neman dalilin rage irinsu. Sai muka rufa masa asiri. Mu ke hawa bene da fayil, shi kuwa in oga zai wuce sai ya jingina da bango ya ƙame. Wata da watanni muna haka ba a gane ba.

Injiniyan kamfanin ya ce akwai na'ura a ƙirjin abin, wadda ke jin in ya karkata, sai ta tura ƙafa ta tare kafin ya kai ƙasa. Don mu gani da ido, ya ja da baya ya shure shi. Abin ya yi tangal-tangal, ya watsa hannuwa, ya ja taku uku, ya tsaya. Aka yi tafi. Ni kawar da kai na yi, don sak haka mutum yake yi. Manya da manyan riguna suka yi layi, kowa na son ya kai nasa shurin.

A shuri na huɗu Baba ya kasa daurewa. Irin mutanen nan ne da ko akuya ta yi tuntuɓe sai sun yi mata sannu.

"Sannu, bawan Allah," ya ce, ya saki bango ya nufe shi da hannu a miƙe.

Kafin ya isa abin ya daidaita kansa. Baba ne ƙafar ta yaudara, ya zube gaban darakta, hula ta yi gefe. Dariya ta ɓarke, aka ɗaga wayoyi. Ban yi dariya ba, amma ban motsa ba, ina tsoron a gane na saba riƙe shi. Har yau in na tuna tsayuwar nan sai in ji ƙyamar kaina. Wata mai shara 'yar unguwar Karmo ce ta ɗaga shi ta karkaɗe masa riga.

Darakta ya tambaya tun yaushe ƙafar take haka. Duk muka sunkuyar da kai.

Ranar Litinin ni aka ba takardar sallamar in buga, ni kuma na kai masa. Haushi ya sa na tambaye shi me ya kai shi tarar ƙarfe. Ya karɓi takardar da hannu biyu.

"Na san ƙarfe ne, 'yata," ya ce. "Jikina ne ya riga ni tashi."