Kwamfutar da Ke Sandarewa a Hannuna

Ajinmu na yaƙi da jahilci a Limawa kwamfuta ɗaya gare shi, tsohuwa, da ita muke karanta darasin da ake turo mana ta intanet. Bi da bi muke zama a gabanta. Ni ne na ƙarshe kullum, domin sai na rufe shagon walda a Maitumbi nake hawo keke.

Kuma kullum a hannuna take sandarewa. Ina cikin haɗa baƙi da wasali, sai komai ya tsaya cak.

Wata hajiya 'yar Bida, mai sayar da atamfa, ta ce yatsun masu walda ba na wannan aikin ba ne. Aka yi dariya, har da ni. Amma da malaminmu ya ja ni gefe ya ce in riƙa kallo daga bayan wasu tukuna, sai dariyar ta ƙare mini. Rayuwata duka a bayan mutane na yi ta, a banki, a asibiti, wani yana karanta mini.

"Malam, ba zan koma baya ba," na ce. "Gobe ni zan fara."

Washegari na bar wata ƙofa ban gama ba, mai ita yana ta faɗa, na iso tun ana shara. Na yi darasina lafiya lau, na koma benci ina jira. Can wajen tashi, a hannun hajiya, wadda ita ce ta ƙarshe a ranar, kwamfutar ta sandare. Ta ce ai dama na riga na taɓa ta.

Malam ya kira ƙanwarsa da ke koyar da ilimin kwamfuta a Bosso. Ta yini tana bin rubutun babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, sannan ta yi mana bayani. Duk saƙon da ya shigo daga intanet, manhajar takan ware masa wuri a ƙwaƙwalwar kwamfutar, idan ya wuce kuma sai ta manta, ba ta sakin wurin. Haka wurin ke ta cika tun daga mutum na farko, har ya toshe a kan na ƙarshe. Ta ƙara umarnin sakin da ya ɓace, ta bar kwamfutar a kunne har muka tashi. Ba ta tsaya ba.

Na koma zama na ƙarshe, a kan kujera, ba a bayan wani ba. Hajiya har yau cewa take a goge madannan kwamfutar idan na tashi. Ni kuwa tunda sai ta tashi nake zama, a gabanta nake ciro hankicina in goge su tas kafin in fara.