Hannun da Bai Dawo Ba

'Yata ta fari kurma aka haife ta, a unguwarmu ta Gadarif, shekaru kaɗan bayan tafiyar Turawa. Ba mu da malamin kurame, sai ni da ita muka gina yarenmu da hannu. Kisra, wainar dawarmu mai faɗi, a shafa tafi a kan tafi. Ruwa, a kai yatsa leɓe. Ubanta, a ja gemu. Tafiya kuwa, a miƙa hannu gaba a dawo da shi ƙirji, domin a gidanmu duk wanda ya tafi yakan dawo. Ubanta yakan tafi noman riɗi wajen Basunda, ya dawo da kaka.

Wata damina zazzaɓi ya kama shi a gona. Laka ta rufe hanya, ko lori ba ya wucewa. Can abokan aikinsa suka binne shi, labari ne kawai ya iso mana da takalmansa.

Na zauna kasuwa na ji Larabci, na ji Fillanci, na ji bakin Habashawa. Ban taɓa jin harshen da ba shi da mutuwa a ciki ba. Namu ne kaɗai. Wa ke zama ya koya wa ƙaramar yarinya wannan?

Yarinya ta ga gida ya cika, ta ga mata suna kuka, ba ta san wa ake wa ba. Kullum sai ta zuba tuwo a kwanonsa ta rufe da faifai, ta ja gemu, ta dube ni.

Maƙwabciyata ta ce, "Yaya, ki nuna mata irin na akuya mana, yatsa a wuya, khalas, shi ke nan."

Na ce, "Mijin nawa ne akuya?"

"To ki ce barci yake."

"Ta zauna jiran ya farka?"

"Ke dai kin cika gardama, ko a takaba!" Ta faɗi haka tana share hawaye da bakin mayafi.

Da na ga yarinya ta fara ramewa a bakin ƙofa, sai wani hantsi na zaunar da ita gindin darbejiya. Na ja gemu. Na miƙa hannu gaba. Na bar shi can.

Ta jira. Ta yi dariya, tana zaton mantuwa na yi. Ta kamo hannuna ta mayar min ƙirji. Na sake miƙawa. Ta ja da ƙarfi, na ƙi. Ta cije ni a wuyan hannu, na ƙi. Muna nan har kafaɗata ta mutu, sannan ta sake ni, ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba, ita kuwa ba ta ji ta ba.

Ranar ba ta zuba tuwo ba.

Yau ita ma tana da jikoki a garin Fau. Amma ko bayan gida zan zaga, sai ta bi ni da ido har ta ga na gama faɗa, hannuna ya dawo ƙirji.