Hotunan Gida a Ƙarshen Layi

Shekara talatin da ɗaya Mai Hoto ya yi yana cewa mutane su ɗaga haɓa, su daina ƙifta ido. Da wayoyi suka cinye sana'ar, ya rufe shago ba hayaniya, ya kwaso tsohuwar kwamfutarsa ya girke ta a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin. Duk abin da ya ɗauka tun da aka daina aiki da fim yana cikinta: hotunan fasfo, na 'yan makaranta, na ma'aikata masu ritaya. Akwai kuma folda guda da ya rubuta wa "Gida". A nan hotunan babbar 'yarsu suke, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce. Ko ɗaya bai taɓa wankewa ba. Na mutane yake wankewa, nasa kullum sai ya samu lokaci.

Wata Talata da safe kwamfutar ta fara ƙas-ƙas kamar ɓera a bayan kabad. Ya kira mai gyara, ya kara wayar a jikinta don ya ji.

"Baba, faifan ajiyarta ne yake mutuwa," in ji mai gyara. "Kada ka kashe ta, kada ka ɗauko mini ita. In ta kwanta ba lalle ta tashi ba. Ka kwashe komai yau."

Ramukan da ake soka filas a jikinta don kwashe fayiloli sun daɗe da lalacewa, don haka hanya ɗaya ta rage. Surukinsa ya kawo aron laftof, ya haɗa su biyun ta rawuta, wato na'urar intanet da ke falo, ya nuna masa inda zai danna, ya wuce aiki.

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, fara da namu."

"Na mutane amana ne. Bari su wuce, namu ai ba yawa."

Mutanen da yake wa wannan kara, rabinsu sun manta sun taɓa shiga shagonsa. Amma hali zanen dutse. Mutumin da bai taɓa sallamar kansa kafin kwastoma ba, yau zai fara? Ya jera foldojin shekara-shekara, ya sa ta Gida a ƙarshe, ya danna.

Laftof ta ce saura awa goma sha tara. Jim kaɗan ta sake shawara ta ce kwana biyu. Koren layin da ke nuna ci gaban aikin na tafiyar hawainiya, ƙas-ƙas ɗin kuwa bai huta ba.

Ya sake kiran mai gyara. Duk abin da aka ce ya yi, ya yi. Ya matso da laftof har gindin rawuta. Ya rufe duk wani abu da ke buɗe a kwamfutocin biyu. Ya ce wa matarsa ta kashe wayifai ɗin wayarta.

"Ni da ko saƙo ban iya turawa ba, ni ce na tare hanya?" Ta kashe dai.

Babu abin da ya canza. Da rana ta take, matarsa ta dawo ta tsaya a bayansa. "Malam, tsayar da shi ka ɗauko mana yarinyar nan."

Wannan karon bai yi musu ba. Sai dai da ya kira mai gyara, ya ce masa in ya soke aikin, kwamfutar za ta koma ta sake bin fayilolin daga farko, kuma da wuya faifan ya jure. Mai Hoto ya janye hannunsa. Gaba ba dama, baya ba dama. Tsoro ya kama shi sosai, ya rasa inda zai sa kansa, sai zarya yake tsakanin falo da ƙaramin ɗaki.

Sai wajen ƙarfe huɗu mai gyara ya ce ya bi kebul ɗin tsohuwar kwamfutar da hannu har zuwa rawuta. Mai Hoto da kansa ya ja shi shekarun baya, don ba ya son ganin waya a yashe: ya kafe shi da ƙusoshi a jikin bango, ya cusa shi ta ƙarƙashin ƙofa. A daidai ƙofar ya tarar da shi ya baje, fatar ta tsage. Kullum aka buɗe ko aka rufe sai ƙofar ta murje shi.

Ya fita da sauri ya sayo sabo a bakin titi, ya ɗan dakatar da aikin ba tare da sokewa ba, ya sauya, ya danna a ci gaba. Laftof ta ce saura minti hamsin. Matarsa ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, suna kallon shekarun na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙas-ƙas ɗin ma ya ƙara sauri.

Saura minti tara ɗakin ya yi tsit. Fuskar tsohuwar kwamfutar ta daskare, daga nan ta yi baƙi. Ya kira mai gyara, mai gyara ya ce, "Sai haƙuri, Baba."

"Duba ko ɗaya ya tsallako," in ji matarsa.

Ya duba. Hotunan mutane sun iso dubu-dubu. Foldar Gida ma ta iso, ya buɗe, babu komai a ciki.

Ta daɗe tana kallon farin allon. Can ta ce, "Malam, ni fa na fara manta yadda fuskarta take in tana dariya."