Ranar Da Na Kusa Sa A Hana Yankan Geza

Saƙar kwandon kamun kifi ce sana'ata, da geza nake yi. Ban san wata ba, ban kuma nemi sani ba.

Shekarar da ambaliya ta fara gaza kaiwa fadamarmu, can wajen Kirikasamma, wani malamin daji ya sauko daga Haɗeja da littafi da alƙalami biyu, ja da baƙi. Mai gari ya haɗa shi da ni, wai ni na san daji.

Mu tun kakanni, in mai littafi ya tambayi yawan abinka, ragewa kake yi. Haka aka yi da masu jangali. Da ya ce geza fa, sai na ce, "Ranka ya daɗe, ta ƙare. 'Yan tsiraru." Ya ce mazarin nan da ke shawagi bisa ruwa fa? Na ce wannan ko ƙasa ba ta fi shi yawa ba. Wa zai damu da ƙwaro?

Ya rubuta geza da ja, mazari da baƙi. Na tambayi bambancin.

Ya ce, "Baƙi, abin da ke da yawa ne, kowa ya ɗiba. Ja, abin da ya kusa ƙarewa. Shi za a hana taɓawa."

Bakin mutum tara ke ci daga gezar nan, ga shi da bakina na kashe ta.

Na ce, "Malam, taso."

"Ina kuma?"

"Inda na yi maka ƙarya."

Na kai shi bayan tudu. Geza ce iya ganinka, wata ta fi shi tsayi. Ya daɗe yana dariya. Ya ce, "Baba, tsirarun garinku ke nan?" Ya soke jan, ya sake da baƙi.

A hanyar dawowa ya ce mazari ba iri ɗaya ba ne, dangi-dangi ne kamar mutane, kuma a ruwa suke ƙyanƙyashewa. Ya ce in faɗi gaskiya yanzu. Na yi tunani. Akwai wani babba mai jan ciki da ke sauka kan kwandunana. Tun da tafkin fadamarmu ya bushe ban sake ganinsa ba. Na faɗa masa. Ya ɗauko jan alƙalami.

Na ɗan tausaya wa ƙwaron, ba da yawa ba. Na ce a raina, da zarar malam ya yi gaba, ni zan koma bayan tudu, da lauje a hannuna.